Dimokuraɗiyya da Daidaito a Ƙasar Hausa: Tasirinsu a kan 'Yanci da Ladabi da Zaman Jama'a, 1950 zuwa 1983

1.0 Gabatarwa

Masana tarihin siyasar Arewacin Nijeriya sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan jam'iyyu da zaɓuɓɓuka da tsare-tsaren mulki, amma ba safai suke tsayawa su dubi abin da siyasa ta yi wa gaisuwa da zaman fada da dangantakar bara da ubangidansa ba. A ganinmu kuwa, a waɗannan ƙananan al'amura ne talaka ya fara sanin cewa zamani ya juya. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi sawun ra'ayin daidaito tsakanin mutane tun daga kafa jam'iyyar NEPU a 1950 har zuwa rasuwar Malam Aminu Kano a 1983, domin mu ga yadda ya taɓa ladabin jama'a da 'yancinsu da kuma yadda suke haɗa kai su gudanar da al'amuransu. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, daidaito ya sami nasarar miƙar da talaka tsaye, amma ikon da aka karɓe daga hannun sarakuna bai sauka a hannun talakan ba. Za mu fara da ma'aunin da muka aro daga wani masanin Faransa, sa'an nan mu gwada shi a kan tarihin ƙasarmu, musamman Kano da Zariya.

2.0 Ma'aunin Tocqueville

Alexis de Tocqueville (1805 zuwa 1859) ɗan gidan sarauta ne daga Faransa, ƙasar da juyin juya halin 1789 ya rushe gatan masu sarautarta. A 1831 shi da abokinsa Gustave de Beaumont suka tafi Amurka domin nazarin gidajen yari, suka yi kimanin wata 9 suna zagayawa. Daga wannan tafiya ya fito da littafinsa a kan dimokuraɗiyyar Amurka, juzu'i na farko a 1835, na biyu a 1840. Abubuwa uku daga cikin ra'ayoyinsa su ne suka shafi zancenmu.

Na farko, ya lura cewa idan asali ya daina raba mutane, to ma'amala takan sauƙaƙa. Gaisuwa takan gajarta, tsoro yakan ragu, mai aiki da maigida sukan zama mutum biyu da yarjejeniya ta haɗa, wadda kowannensu yana iya warware ta. Na biyu, ya nuna cewa daidaito daban, 'yanci daban, kuma mutane sun fi ƙaunar na farkon, har ma sukan yarda a danne su muddin dai dannewar ta game kowa. Idan aka kawar da manyan da ke tsakanin talaka da gwamnati, sai kowa ya koma shi kaɗai, iko kuma ya tattaru a wuri guda. Na uku, ya ce abin da ya tsare Amurkawa daga wannan haɗari shi ne sabonsu da gudanar da ƙananan hukumomin garuruwansu da kansu, da jaridu, da kafa ƙungiya a kan kowace buƙata.

Wajibi ne mu tuna cewa daidaiton da ya gani na fararen fata maza ne kawai, domin ƙidayar 1830 ta nuna akwai bayi kimanin miliyan 2 a Amurka, kuma shi kansa ya yi dogon bayani a kan wannan tabo. Haka kuma ƙasar Hausa tana da tarihinta da addininta da ba su yi kama da na Amurka ba. Saboda haka tambayoyinsa kaɗai muka ara, amsoshin kuwa daga namu tarihin za mu nemo su.

3.0 Matsayi da Ladabi Kafin 1950

Al'ummar Hausa ta farkon ƙarni na 20 hawa-hawa take. Akwai sarakuna da masu sarauta, akwai malamai da attajirai, akwai talakawa masu noma da sana'a, sa'an nan akwai bayi. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayan watan Maris na wannan shekara, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Watau ke nan, lokacin da siyasar jam'iyyu ta kunno kai, akwai dattawa da yawa waɗanda suka san bauta da idonsu. Sana'o'i ma yawancinsu gado ne, ɗan mahauci ya gaji fawa, ɗan maƙeri ya gaji ƙira, kuma kowace sana'a tana da gurbinta a idon jama'a.

Wannan tsari a jikin mutum ake karanta shi. Talaka yakan tuɓe takalmansa tun daga nesa da ƙofar fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai su amsa masa a madadin sarki. In ya gamu da hakimi a hanya yakan sauka daga kan abin hawansa ya ratse. Kalmomi irin su ranka ya daɗe da Allah ya ja zamaninka suna hawa sama ne, ba su saukowa ƙasa. Ba kuwa daidai ba ne a ce tsoro kaɗai ke riƙe da wannan ladabi, domin barantaka alkawari ce mai fuska biyu: bara ya ba da biyayya da hidima, ubangida ya ba shi sutura da muhalli, ya yi masa aure, ya tsaya masa ranar wuya. Ubangidan da ya kasa riƙe nasa gefen, barorinsa sukan watse, girmansa ya zube.

Mulkin Turawa, wanda ya kafu bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, ya karkatar da wannan sikeli. A ƙarƙashin tsarin En'e, kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari da tattara haraji da jangali duk suna hannun sarki, shi kuma sarki ya fi kula da yardar Razdan a kan yardar jama'arsa. An fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumomi, ta haka hannun hukuma ya kai ga kowane ƙauye. Ƙaura, wadda a da ita ce makamin talaka idan zalunci ya yi yawa, ta rage amfani, tun da ko'ina ya je zai tarar da takardar haraji tana jiransa. Sai ya zamana nauyin da ke kan talaka ya ƙaru, wanda ke kan mai mulki ya ragu, alhali siffar gaisuwa tana nan yadda take.

4.0 NEPU da Rikicin Gaisuwa

A watan Agusta na 1950 abubuwa biyu suka faru. A Majalisar Arewa da ke Kaduna, Malam Abubakar Tafawa Balewa ya gabatar da batun neman a yi wa tsarin En'e gyara. A Kano kuma, ranar 8 ga wata, wasu samari takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Maitama Sule da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, suka kafa NEPU, wadda aka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu Kano ya bar aikin koyarwa a Maru ya shigo cikinta, ya kuma zama shugabanta a 1953. Sanarwar manufofinta ta raba al'umma gida biyu, masu riƙe da En'e da talakawa, ta kuma ce ceton talaka yana hannun talaka.

Abin lura shi ne jagororin wannan tafiya ba baƙi ba ne ga ilimin gida. Malam Aminu daga gidan alƙalai ya fito, Malam Sa'adu Zungur kuwa daga gidan malamai na Bauchi. Hujjarsu sun fi ɗauko ta daga littattafan masu jihadi, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin aibobin sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙi. Wannan ne ya sa kiran ya sami shiga wurin teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da gardawa, mutanen da ba su taɓa zama a ajin boko ba.

Abin da aka koya wa waɗannan mutane a wurin lacca mai sauƙi ne, amma mai tsada. An ce musu kada su yi noman gandun hakimi kyauta, kada su ɗauki kayan ma'aikaci ba lada, su nemi rasit idan sun biya haraji, kuma idan sun zo gaban mai mulki su yi sallama a tsaye kamar yadda Musulmi ke yi wa ɗan'uwansa. Hukuma ta fahimci ma'anar wannan tsayuwa sarai. Izinin yin lacca a hannun En'e yake, alƙalin da zai yi shari'a ma'aikacin En'e ne, ɗan dokan da zai yi kamu da yarin da zai tsare duk nata ne. Ta haka aka ɗaure 'yan NEPU masu yawa, aka yi wa wasu bulala, bisa tuhumar zagin sarki ko yin taro ba izini. A Kano har ƙungiyar 'yan tauri aka samu, wadda ake kira Jam'iyyar Mahaukata, mai farautar 'yan hamayya. Idan aka ɗaure mutum saboda ya ƙi tuɓe takalmi, to lalle takalmin ya tashi daga matsayin sutura ya zama batun tsarin mulki.

Masu goyon bayan Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, suna da tasu hujja, kuma bai kamata mai tarihi ya yi watsi da ita ba. A wurinsu bin na gaba bin Allah ne, durƙusa wa wada kuma ba gajiyawa ba ne. Suna ganin yaron da ya koyi ɗaga wa hakimi murya gobe zai ɗaga wa mahaifinsa, kuma Arewar da ta rabu gida biyu ba za ta iya tsayawa gaban Kudu ba. Gaskiya ne kuwa siyasar wannan zamani ta shigo da zagi da zambo cikin dandali, ta raba wa da ƙane, ta kashe aure, ta sa maƙwabta suka daina gaisawa. Kuskuren wannan hujja shi ne ta haɗa girmama na gaba, wanda tarbiyya ce, da tsoron mai kurkuku, wanda tilas ne, ta kira su da suna ɗaya.

5.0 Ƙuri'a da Iyakarta

Zaɓen 1951 mataki-mataki aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma an ba En'e damar ƙara mutanenta a matakin ƙarshe. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma ko ɗan takararta ɗaya bai kai Majalisar Arewa ba. Sai a zaɓen tarayya na 1959 ne kowane baligi namiji a Arewa ya jefa ƙuri'a kai tsaye kuma a asirce, ya shiga bayan labule ya zaɓi akwatin fartanya ko na tauraro. Daga kujeru 174 na Arewa, NPC ta sami 134, NEPU ta sami 8, Malam Aminu kuma ya ci kujerar Kano ta Gabas.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma kaɗai zai ce babu abin da ya sauya. Amma neman ƙuri'a roƙo ne, kuma a karo na farko ɗan sarki ya taka zuwa ƙofar manomi yana nema. Gaisuwar da ta saba hawa sama ta fara saukowa, ko da sau ɗaya ne a shekara biyar. Jam'iyyar da ta ci zaɓe ita ma tilas ta koyi yaren talaka, ta yi masa alkawarin rijiya da asibiti da makaranta.

Duk da haka rabin al'umma yana waje. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a 1959, matan Arewa kuwa ba su sami wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, kafin tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya (1933 zuwa 2001), wadda ta shugabanci ɓangaren mata na NEPU, an ɗaure ta sau da dama saboda ta fito ta yi magana a bainar jama'a a kan ƙuri'ar mata da iliminsu da auren wuri. A nan ma da sunan ladabi aka yi mata hukuncin farko, domin a idon masu sukarta fitowar kanta ita ce laifin, tun ba a saurari abin da ta faɗa ba.

6.0 Ina Ikon Ya Koma?

A nan ne gargaɗin Tocqueville na biyu yake da amfani a gare mu. A 1963 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare, bayan binciken kuɗin En'en Kano da gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka yi. Gwamnatin NPC ce ta yi wannan aiki, ba 'yan hamayya ba, kuma darasinsa shi ne Kaduna ta fi ƙarfin kowace fada. Bayan juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakuna masu ba da shawara, dokar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamnan jiha. Watau yawancin abin da NEPU ta sha ɗauri a kansa, soja ne suka zartar da shi da dokar soja, ba tare da an tambayi talaka ba. Ya sami sauƙi ƙwarai, amma kyauta aka ba shi daga sama, kuma mai bayarwa yana iya karɓewa.

A 1979 jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, aka raba talaka da wulaƙancin da ya daɗe yana sha a hannun masu karɓa. Sai dai wannan alheri ya zo da wani abu a goye. Ƙananan hukumomi suka ƙara dogara ga kason da ke zuwa daga kuɗin man fetur, kuma mutumin da bai ga kuɗinsa sun fita daga aljihunsa ba, ba ya cika tambayar inda aka kai su. Daɗin daɗawa, a tsawon Jamhuriya ta Biyu gwamnoni sun riƙa naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓen ƙananan hukumomi. Makarantar da ya kamata talaka ya koyi mulkin kansa a cikinta sai ta kasance a rufe.

Shekarar 1981 ta nuna iyakar abin da aka cim ma. A watan Yuni majalisar Jihar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa bayan ta daɗe tana ƙin amincewa da kwamishinoninsa. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ba su ce sarkin yawa ba ya zalunci ba. A watan Yuli kuma, bayan gwamnatin Kano ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, tarzoma ta ɓarke ranar 10 ga wata, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Raba sarki da kotu da kurkuku bai raba shi da girma a zukatan mutane da yawa ba. Ita kanta PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, kafin Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983.

Barantaka ma ba ta mutu ba, gida ta sauya. Taron da ke zaman jira a ƙofar hakimi ya koma ƙofar ɗan siyasa da ɗan kwangila da babban ma'aikaci, ranka ya daɗe kuma ta bi su can. Bambancin shi ne tsohon ubangida al'ada ta ɗaure shi ga baransa har mutuwa, sabon kuwa alkawarinsa yakan ƙare ranar da aka ƙirga ƙuri'a.

7.0 Ƙungiyoyi a Matsayin Makaranta

Idan muka tambayi inda talakan ƙasar Hausa ya koyi 'yanci a aikace, amsar tana cikin ƙungiyoyi. Taron tattaunawa na Bauchi da aka fara a 1943, inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Tafawa Balewa suka yi ta muhawara a gaban Turawan mulki, da Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa ta 1948, da shafin wasiƙu na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, su ne suka share fage. Reshen jam'iyya na unguwa kuwa ya koya wa tela da mahauci yadda ake zaɓen shugaba da ma'aji, da biyan kuɗin kati, da sauraron wanda ba a yarda da ra'ayinsa ba, da tara gudummawa domin iyalin wanda aka ɗaure. Mai karatu ɗaya yakan karanta jarida, mutum ashirin su saurara su yi gardama.

Wannan ɗabi'a tana da saiwa a gida. Gayya da adashi da zumuncin 'yan sana'a ɗaya da majalisar ƙofar gida duk sun girmi siyasar jam'iyyu, kuma duk a kan ƙa'ida ɗaya suke, watau hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai masu yashe magudanan ruwa da gyaran maƙabartu, da kwamitocin makarantun Islamiyya, ci gaban wannan gado ne. A cikinsu ne ake ganin sabon ladabi, na mutanen da suke girmama juna ba don ɗaya yana iya ɗaure ɗaya ba.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda ra'ayin daidaito ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofar gaisuwa, ya raba girmamawa da tsoro, ya ba namiji ƙuri'a a 1959, mace a 1976. Mun kuma ga cewa ikon da ya bar fada ya tattaru ne a gidan gwamnati. Abubuwan da suka biyo baya ba su rushe wannan bayani ba. Raba masarautar Kano gida biyar a 2019, da tuɓe sarki a 2020, da soke dokar rabawar a 2024, duk da sa hannun gwamna aka yi su. Haka nan a watan Yuli na 2024 sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kantomomin naɗi ba su da gurbi a tsarin mulki, shekara 48 bayan gyaran 1976.

Muna ba abokan nazari shawara su mai da hankali ga wannan fage. Kundayen shari'o'in alƙalai na shekarun 1950 da takardun En'e da ke Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna, da abin da aka tattara a Gidan Mambayya a Kano, da bakin dattawan da suka rage daga ɓangarorin biyu, duk suna jiran mai tambaya. Tarihin yadda talaka ya miƙe tsaye an rubuta wani abu daga cikinsa. Wanda ya rage shi ne na yadda ya zauna da 'yan'uwansa suka gudanar da unguwarsu, domin daga nan ne za a gane ko miƙewar ta zama 'yanci.